Shekarar da Lawali Ya Kai Mu Tsibiri

Saboda Ummi, 'yar marigayi Lawali, ɗana na fari, na zauna rubuta wannan babin, ko da yake dukkanku ya shafa. Ranar sadakar bakwai ɗin matata, Innarku Kulu, ina zaure ina karɓar gaisuwa, sai na jiyo muryar Ummi ta taga tana magana da wata ƙawarta da ta rako ta daga Gusau.

"Ni dai Allah ya jiƙanta, amma ba ta son babana. Ko sunansa ban taɓa ji a bakinta ba. Ranar da ya rasu ma ko hawaye ba ta yi ba."

Na ci gaba da karɓar gaisuwa, don ba ranar gyara zance ba ce. Amma maganar ta tsaya mini a rai, ta hana ni jin daɗin abinci. Ummi ba ƙarya ta yi ba, abin da idonta ya gani ta faɗa. Sai dai akwai abin da ni kaɗai na gani, kuma idan na bi Kulu ban faɗe shi ba, shi ke nan an binne shi tare da ni.

Ku 'yan yanzu, da kun haifi ɗan fari sai ku ɗauke shi a waya kuna nuna wa duniya, kuna kiran sunansa har makwabta su gaji. A gidan da Kulu ta tashi a Bukkuyum ba haka ake yi ba. Uwarta Bafulatana ce, kuma kunyar ɗan fari a wurinsu ba abin wasa ba ce. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta cin abinci a gabansa, ba ta zama tabarma ɗaya da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban kowa. Da aka yaye Lawali, yayata Ige ta zo daga Adabka ta goya shi ta tafi, bai dawo Gummi da zama ba sai da ya isa shiga makaranta. Tun daga nan Kulu ta raɗa masa nata sunan, take ce masa "na Adabka". Ni ma na yi tawa kunyar, amma tawa ba ta yi ƙarko ba, ina ce masa Babba, da ya gama karatu kuma na koma ce masa Injiniya ina hura hanci.

Abu ɗaya ne Kulu ba ta taɓa bar wa kowa ba, shi ne kwanonsa. Wani koren kwanon sha ne mai murfi, na cikin kayan aurenta, wanda ta mayar na tuwonsa. Ita take zuba masa da hannunta, ta ba ƙannensa su kai, in an dawo da kwanon kuma sai ta juya baya ta buɗe ta duba. In ya cinye, ba za ta ce komai ba. In ya rage, washegari da safe za a ga kunun tsamiya ko jiƙon saɓara a bakin ƙofa, ta ce wa iska, "A kai ma na Adabka." Ta kwanon nan take gane zazzaɓinsa kafin shi kansa ya sani. Na sha tsokanarta cewa ta fi malamin asibiti, tana ba ni amsa da harara.

A shekarar da nake magana, Lawali yana aikin gine-gine a Malabo, wani gari da ke kan tsibiri a tsakiyar teku, iyalinsa kuma suna Gusau. Ya zo gida bayan an yanke shinkafa. Da hantsi ya ce in raka shi fadama ya ga gona, muka tafi a ƙafa, na lura yana tsayawa yana hutawa a inda yaro ma ba zai tsaya ba. Da muka isa bakin gulbi ya zauna a kan wani kwale-kwale da aka kife, ya daɗe yana kallon masunta kafin ya yi magana.

"Baba, likitoci sun gama nasu. Sun ce ciwon ya ci hanta, sai dai addu'a."

Na yi salati, na zauna kusa da shi.

"Abu guda nika roƙo," in ji shi. "Ku taho wurina hutu, kai da Inna. Can ba wanda ya san mu, ba maƙwabta, ba dangi. Wataƙila ta zauna ta ci tuwo da ni, ko ta kira ni sau guda in ji. Amma kak ka hwaɗa mata. Ban son ta yi don tausai."

Na yi masa alkawari a wurin. Na san nauyin abin da na ɗauka. In na faɗa wa Kulu, hutun ya zama zaman makoki tun da ran mai shi. In na yi shiru, tana iya riƙe kunyarta har lokaci ya ƙure. Na zaɓi abin da mai ciwon ya zaɓa, kuma har yau in aka mayar da ni bakin gulbin nan abin da zan zaɓa ke nan, duk da ban taɓa ɗaukar kaya mai nauyinsa ba.

Shawo kan Kulu ya fi neman fasfo wahala.

"Mi za ni yi cikin ruwa, Malam? Gulbinmu bai ishe ni kallo ba? Wa za shi ba awakina dussa?"

Na ce mata yaro ya riga ya gama shiri, ƙin zuwa wulaƙanci ne. Ba ta ce to ba, amma washegari na tarar tana ƙulla shinkafar tuwo, da kuka, da daddawa, da busasshen kifi, da man shanu a kwalba. Can ƙasan jakar ta cusa koren kwanon a cikin zane, tana tsammanin ban gani ba. Muka bi ta Anka da rana tsaka, don a shekarun nan ba mai hankalin da zai bi hanyar da yamma, muka kwana Gusau, daga nan sai jirgi bayan jirgi.

Ni manomi ne, ƙasa na fara dubawa da muka sauka. Baƙa ce wuluk, mai laushi, kuma duk inda ka juya kore ne har ido ya gaji. A bayan garin akwai wani dutse da ya tokare sama, kansa a cikin gajimare. Lawali ya ce dutse ne mai aman wuta, shi ya haifi tsibirin gaba ɗaya, amma ya daɗe yana barci. Kulu ta dubi dutsen ta dube ni ta ce wanda ya gina gida a gindin murhu shi ya san abin da ya taka. Lawali ya yi dariya, ita kuwa ta kau da kai kamar ba da ita ake ba.

Masaukin da ya kama mana yana bakin teku, ɗakuna biyu da baranda ɗaya ta haɗa su, don ya baro gidan ma'aikata ya tare kusa da mu. Akwai na'urar sanyaya ɗaki, da ruwan zafi a famfo, da tawul da ake canzawa ko ba ka taɓa shi ba. Ƙarar teku ba ta tsayawa, Kulu ta ce kamar ana sussuka a gidan maƙwabta. Da ta ga gadon an lulluɓe shi da farin zane ƙal, sai ta ja da baya.

"Malam, a ɗauke wanga. Kamar likkahwani."

Lawali yana bakin ƙofa da jakarmu a hannu. Ya yi murmushi ya ce za a kawo mai launi. Ni ne na kasa haɗa ido da kowa, na fita baranda na tsaya ina kallon ruwa.

Wurin cin abincin masaukin a buɗe yake, rumfa ce babba mai kallon teku. Lawali ya riga ya gaya musu abin da ba ma ci, naman ma daga hannun wani Bahaushe mahauci da ke garin ake karɓo mana. Aka shirya tebur mai kujeru uku. Aka kawo gasasshen kifi wanda tsawonsa ya kai damtsena, da soyayyar ayaba, da shinkafa da aka dafa da ruwan kwakwa, da jatan lande jajaye a faranti. Ma'aikacin ya ja wa Kulu kujera, daidai gaban ɗanta. Ta tsaya ta dubi kujerar, ta dubi jatan landen ta ce ita ba ta cin farar ruwa, kuma ma ba ta jin yunwa. Ta juya ta koma ɗaki. Lawali ya bi ta da ido har ta shige, sannan ya tura mini kifin.

"Ci, Baba. Yau ta hwarko ta, da saura."

Haka aka yi ta yi. Ni da shi a tebur, ita a ɗaki da farantinta. Da rana ya ɗauko mota da direba ya zaga da mu. Mun ga gonakin kokon da ake yin cakulan da shi, 'ya'yan suna fitowa a jikin kututture. Mun ga inda ruwa ke zubowa daga saman dutse cikin daji, mun taka bakin teku mai baƙin yashi, har na ɗebo kaɗan a leda don in nuna wa mutanen Gummi, don na san ba za su yarda ba. Kulu tana kallon komai, tana tambaya, amma ni take tambaya, ni kuma in tambayi Lawali, ya ba ni amsa alhali tana tsaye tana ji. Duk hoton da aka ɗauka, ni ne a tsakiya. Ummi, hoton nan da ke jikin bangon ɗakin mamarki, wanda kakarki ta tsaya can gefe tana kallon wani wuri, ki sake duba shi. Ba teku take kallo ba, ƙafafun babanki take kallo, don a ranar sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga.

Abin da ya fi damunta a masaukin shi ne ma'aikata ke kwashe farantai, ba ta ganin abin da ya ci da abin da ya rage. Bayan 'yan kwanaki ta aike ni in roƙa mata a bar ta ta shiga kicin. Ba ta jin yarensu, ba sa jin nata, amma kafin azahar ta mallake murhu ɗaya, matan wurin sun kewaye ta suna toshe hanci saboda daddawa suna dariya. Ta tuƙa tuwon shinkafa, ta kaɗa miyar kuka da busasshen kifin gulbinmu, ta zuba man shanu. Ta zuba a koren kwanon ta rufe ta miƙo mini.

"A kai ma na Adabka."

Da Lawali ya ga kwanon sai ya riƙe shi da hannu biyu. Ya zauna a tabarma a baranda, ya ce in roƙe ta ta fito su ci tare. Na shiga na same ta zaune a bakin gado.

"Kulu, nan ba Gummi ba ta. Ba wanda ya san ki. Hito ki sa hannu kwano guda da ɗanki."

"Ni na san kaina, Malam."

"Don Allah nika roƙon ki."

"Ba don mutane nika yi ba. Haka anka koya min riƙon shi, ban iya wani ba."

Iyakar abin da ta yi shi ne ta matso bakin ƙofa ta zauna ta ba shi baya. Ya ci, yana yabon miyar da ƙarfi don ta ji. Da na dawo mata da kwanon ta buɗe, bai fi loma uku aka taɓa ba. Ta daɗe tana kallon tuwon.

"Kwanon ga ba na mai lahiya ba na."

Na ce zafin garin ne, da gajiyar aiki.

"Bari, Malam. Ba ka iya ƙarya ba tun kana saurayi."

Ba ta tambaye ni ba, ni ma ban faɗa ba. Ta rufe kwanon ta ajiye, ta ɗauki buta. Sallar la'asar ɗin ranar ta yi tsawon da ban taɓa ganin ta yi ba. Raina ya ɓaci da ita a ranar, ba zan ɓoye ba, na ga kamar taurin kai ne kawai. Tausayinta kuma ya kama ni, don na ga mace tana son ta miƙa hannu, hannun ya ƙi miƙuwa.

Ana gobe za mu taso Lawali ya ce sai mun hau dutsen. Na so in hana saboda jikinsa, ya ce mota ce za ta kai mu. Hanyar tana ta nannaɗewa, zafi ya koma sanyi, itatuwa suka canza, kunnuwana suka toshe. Direban ya tsaya a wani fili can sama inda ake tsayawa kallo, ya nuna mana da hannu cewa gaba kaɗan ƙasa ta yanke, rami ne mai zurfi, kada mu matsa. Lawali ya ce bari ya duba ko ana hango teku daga can, in ana gani ya zo ya kai mu. Ya tafi a hankali, hannunsa ɗaya dafe da ciki. Bai yi nisa ba gajimare ya taso daga ƙasan ramin ya rufe filin. Kafin in gyara hulata na daina ganinsa, na daina ganin ko motar da ke bayanmu.

Na kira, "Injiniya!" Shiru. Na sake kira, "Babba!" Ba amsa, sai iska. Direban ya ruga cikin farin yana ihu da yarensu. Ni dai na daskare a tsaye, ina tuna ramin, ina tuna yadda jiri ke ɗibar yaron nan a 'yan kwanakin. Sai na ji Kulu ta wuce ni, mayafinta ya zame ya faɗi ba ta waiwaye shi ba. Ta yi gaba da hannuwa a miƙe kamar mai lalube a ɗaki, ta buɗe murya.

"Lawali!"

Duk shekarun da muka yi tare ban taɓa jin wannan muryar a bakinta ba.

"Muhammadu Lawali!"

Can sai ga shi ya ɓullo daga cikin gajimaren, direban yana riƙe da gwiwar hannunsa. Fuskarsa a jiƙe take, na ɗauka raɓar wurin ce. Bai dubi uwarsa ba, ni ya duba.

"Baba, kai ka kira? Na ɗan zauna in huta na, iska ta hana ni ji."

Kulu ta sunkuya ta ɗauki mayafinta, ta rufe har fuska, ta koma mota. Muka bi bayanta, direba ya sauko da mu.

Washegari a filin jirgi, Kulu ta yi gaba ta zauna da jakarta, Lawali ya ja ni gefe ya riƙe hannuna. Ya rame ƙwarai, amma rabon da in ga fuskarsa a sake haka tun yana yaro.

"Baba, na ji hwa. Dukka biyun na ji."

"To don mi ba ka amsa ba?"

"In na amsa, ba ta ƙara iya ɗaga ido inda nike. Bar ta da kunyarta. Kak ka hwaɗa mata." Ya yi 'yar dariya. "Ashe ta iya hwaɗin shi daidai."

Bai kai damina ba. Ya dawo Gusau, aka kwantar da shi, sauran kun sani don kuna wurin. Kun ga Kulu a barandar asibiti, ba ta shiga ɗakin sai yana barci, tana dama kunu tana bayarwa a kai, tana karɓar kofin tana dubawa. Kun ga ranar da aka kawo shi Gummi aka yi masa sutura, tana zaune cikin mata idonta a bushe, tana ba masu kuka haƙuri. Uwar ɗan fari ba ta kuka a gaban jama'a, wannan ma cikin abin da aka koya mata ne. Abin da Ummi ta gani ke nan, ta riƙe shi shekara da shekaru.

Ga abin da ba ku gani ba. Bayan arba'in, baƙi sun watse, na dawo daga makarantar safe na tarar da ita a gindin rijiya tana wanke koren kwanon, wanda ba a ci komai a cikinsa ba. Na zo zan wuce ta yi magana ba tare da ta ɗago ba.

"Malam, ran nan bisa dutse. Ko ya ji?"

Na tsaya. Na tuna alkawarin da na yi masa. Amma don kada ta ji nauyinsa ya sa ni alkawarin, ga shi kuma babu shi balle ta ji nauyin. Na tsuguna kusa da ita.

"Ya ji, Kulu. Dukka biyun. Da bakinai ya hwaɗa min, yana murna."

Hannunta ya tsaya a cikin ruwan.

"To mi ya hana shi amsawa?"

"Kunyarki ya tsare miki."

Kaji suna ta tsattsagar ruwan wankin da ya gangara. Sai ta ce, a hankali,

"Ni na koya mai."

Ta kifa fuskarta a cikin kwanon ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza, kuka mai sauti, har na tashi na rufe ƙofar gida. Ban ba ta haƙuri ba, don ban san da wane baki zan ba ta ba. Na zauna a ƙasa kusa da ita na yi nawa.

Daga ranar ban sake jin ta ce na Adabka ba. A gabanku ba ta ambatonsa sam, shi ya sa ba ku sani ba. Amma ɗakina yana jikin nata, kuma bayan kowace sallah, har zuwa ciwon ajalinta, ina jin ta tana roƙa masa gafara da cikakken sunansa, Muhammadu Lawali. In ta faɗa sai ta ɗan dakata kafin ta ci gaba, kamar yadda mutum yake dakatawa in ya kira wani yana jiran a ce na'am.

Ummi, kwanon yana cikin akwatina, a naɗe cikin zanen da ta kai shi tsibiri. In kin zo Gummi ki karɓa.